Gona Ta Yi Kore Shar, Amma Wa Ya Leƙa Ƙarƙashin Ƙasa?

  Waɗanda data ba ta barin su su saurari murya, ga shi an rubuto muku kamar yadda aka saba.

Yau maganar ƙazanta za mu yi. Eh, kun ji daidai. Maganar kwata, da masai, da dagwalon da ake kwasowa daga gari a kai gona a matsayin taki. Wanda ke cin abinci ya ɗan ajiye cokali, ko kuma ya daure, domin abincin da ke gabansa ma yana cikin zancen.

Bari in fara da abin da ya jawo maganar. Kafin faɗuwar daminar nan na je gaida kawuna a wani ƙauye da ke bayan garin Kano. Ban same shi a gida ba, aka ce yana gona. Da na isa sai na tarar da tsibi-tsibi na wata baƙar laka an jibge a gonar, ta bushe har ta tsattsage. Bayan mun gaisa na ce, "Kawu, wannan fa daga ina?" Ya ce, "Taki ne, ɗan nan. Yashe kwata aka yi a birni, wani mai tifa ya kawo min. Kuɗin mai kawai na ba shi." Na ɗauki kara na ɗan tona tsibi ɗaya. Ga gawar batirin tocila, ga guntun waya, ga tsumman da ya sha baƙin mai. Na ce, "Kawu, ba kwa tsoron abin da ke cikin nan?" Sai ya yi dariya ya ce, "Warin kake nufi? Rana za ta cinye shi. Ku 'yan boko, ka san nawa buhun kamfa yake yanzu?"

Wallahi shiru na yi, saboda tambayarsa tana da nauyi. Kuma a kan wari gaskiyarsa ne, rana tana cinye shi. Abin da ya tsaya min a rai shi ne abin da ba ya wari, kuma rana ba ta cinye shi. Shi ne ƙarafa masu guba: dalma, kadmiyom, kuromiyom, nikel, zaiba, da kuma tutiya da jan ƙarfe idan sun yi yawa.

To, idan aka ce guba a gona, hankalinmu kan tafi wajen mutum ne: za mu ci alayyahu ko latas, gubar ta shige mu. Wannan gaskiya ne, kuma babbar magana ce mai zaman kanta. Amma yau ina so mu sauka ƙasa da haka. Akwai waɗanda gubar nan take fara kashewa tun kafin ta zo kanmu, kuma ba wanda ke yi musu zaman makoki saboda ba a ganin su.

Ɗebi ƙasar gona mai kyau cikin ƙaramin cokalin shayi. A cikin wannan ɗan abin akwai bakteriya ɗaruruwan miliyoyi, wani lokacin har su haura biliyan. Mu dai da an ce bakteriya sai mu tuna taifot da kwalara, amma mafi yawan na cikin ƙasa ba ruwansu da cutar da kai. 'Yan ƙwadago ne da ba a biyan su. Su ne ke ruɓar da kara da ganye da kashin dabbobi su mayar da su abincin da saiwa za ta iya sha. Takin gargajiya da kake zubawa, ba shuka ce ke cin sa kai tsaye ba. Sai waɗannan halittu sun sarrafa shi tukuna. In babu su, tamkar ka ajiye wa jariri ɗanyen tsaba ne ka ce ya ci.

A cikinsu akwai wata ƙabila da nake so ku riƙe sunanta, raizobiyom. Duk wanda ya taɓa tuge wake ko gyaɗa ko waken suya ya ga wasu 'yan ƙullutu a manne da saiwar. Da yawa muna zaton cuta ce. Ba cuta ba ce, gidajen raizobiyom ne. Iskar da muke shaƙa, kashi 78 cikin 100 naitirojin ce, wato sinadarin nan da muke saye da tsada a buhun yuriya. Yana nan a sama kyauta, amma shuka ba ta iya ɗaukar sa daga iska. Raizobiyom yana iyawa. Sai suka ƙulla ciniki da dangin wake: ke shuka ki ba ni masauki da sukari, ni kuma in kamo miki naitirojin daga iska. Shi ya sa kakanninmu, ba su taɓa ganin madubin likita ba, amma sun san a haɗa gero da wake a gona ɗaya, sun san ƙasar da aka noma gyaɗa a bara tana yi wa dawa kyau bana. Ilimin yana nan, sunan ne kawai babu.

Yanzu ku biyo ni Ingila, domin a can ne aka ga abin da dagwalo yake yi wa waɗannan halittu ƙarara, kuma an gan shi ne ba da niyya ba.

A 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, abinci ya yi wuya, taki ya yi wuya. Masu bincike na cibiyar Rothamsted, wadda tana cikin tsofaffin cibiyoyin binciken noma a duniya, tun 1843 take aiki, suka buɗe wata gonar gwaji a wani wuri da ake kira Woburn, arewa da Landan. Tambayarsu mai sauƙi ce: wane taki ne ya fi yi wa kayan lambu kyau? Suka yanka filin gida-gida. Wasu gidajen aka riƙa zuba musu takin dabbobi, wasu kuma aka riƙa zuba musu lakar da ke taruwa a matatar ruwan ƙazanta ta yammacin Landan. Ku lura, wannan laka ba kashin mutane kawai ba ce. Magudanan Landan na wancan zamani suna haɗa ruwan gidaje da na masana'antu, komai a bututu ɗaya. Aka yi ta zubawa shekara bayan shekara har 1961, sannan aka daina.

Aka shekara ashirin da 'yan kai. A 1984 wasu masana biyu, Philip Brookes da Steve McGrath, suka fitar da sakamakon awon da suka yi na yawan ƙananan halittun da ke raye a ƙasar gidajen nan. Abin da suka gano ya girgiza masu harkar. Inda aka zuba lakar birni, yawan halittun kusan rabin na inda aka zuba takin dabbobi ne. Rabi! Kuma ba wai abinci suka rasa ba, ƙasar tana da ruɓaɓɓen abu isasshe. Ga abinci a ajiye, amma masu cin sa sun ragu. Fiye da shekara ashirin bayan tifa ta ƙarshe, in ji mu nan. Da aka auna ƙarafan kuwa, sai aka tarar mafi yawansu suna nan zaune a saman ƙasar, daidai inda garma ke kaiwa. Ruwan sama na shekaru bai tafi da su ba.

Amma labarin da ya fi taɓa ni shi ne na wata ciyawa da suke kira kuloba. Dangin wake ce, suna shuka ta don dabbobi, kamar yadda harawa take a wajenmu. Da aka shuka ta a gidajen lakar birni, sai ta fito a tsumbure, ganyenta rawaya, amfaninta ya faɗi sosai. Kowa zai ce, to ai shi ke nan, guba ta kama shukar. McGrath da Brookes da wani abokin aikinsu, Ken Giller, suka ce bari dai a gwada. Suka ba ciyawar takin naitirojin na buhu. Sai ta miƙe ta yi kore kamar ba ita ba. Kun ga abin da wannan ke nufi? Gubar ba shukar ta kama ba. Shukar yunwa take ji, saboda abokin cinikinta ne ya mutu.

Da suka tono saiwar suka duba, akwai ƙullutun, amma ƙanana ne, farare, ba sa aikin komai. Bincike ya nuna cewa nau'o'in raizobiyom masu aiki sun ɓace daga ƙasar. Wanda ya rage kusan iri ɗaya ne tal, mai jure guba, kuma shi wannan ya iya shiga saiwa ya kama ɗaki amma ba ya kamo naitirojin ko kaɗan. Ɗan haya ne da ba ya biyan kuɗin haya. Ni a nan na ajiye takardar na yi tagumi, don na tuna gonar Kawu, wadda rabinta wake yake zubawa.

Wani abin da ya ƙara ɗaga hankali shi ne, in ka cire kadmiyom, yawan ƙarafan da ke ƙasar Woburn bai yi wani nisa da iyakar da dokokin Turai suka halatta ba. A 1986 ƙasashen Turai suka yi dokar zuba laka a gona, suka sa iyaka: misali kadmiyom miligiram 1 zuwa 3 a kowane kilo na ƙasa, tutiya 150 zuwa 300, jan ƙarfe 50 zuwa 140. Da ake tsara irin waɗannan iyakoki, an fi duba lafiyar shuka da dabba da mutum. Halittun ƙasa ba su da wakili a teburin. Daga baya a Jamus, a wata gonar gwaji da ke Braunschweig, aka sake ganin raizobiyom yana raguwa a ƙasar da ta sha laka, kuma a can tutiya aka fi zargi. Tutiya fa, wadda jikinmu ma yana buƙatar ta, har likita kan rubuta wa yara masu gudawa. Kaɗan magani ce, da yawa guba. Ƙasar Suwizalan ma daga baya ta ce ita ta haƙura gaba ɗaya, ta hana zuba lakar ƙazanta a gona, ƙona ta suke yi.

To ta yaya ƙarfe ke kashe bakteriya? Bari in sauƙaƙa. A jikin kowace ƙwayar halitta akwai wasu 'yan injina da ake kira enzayim, su ke gudanar da komai, narkar da abinci, numfashi, hayayyafa. Da yawansu suna aiki ne da ɗan ƙarfe takamaimai, kamar makulli da kwaɗo. Idan kadmiyom ko dalma ko zaiba suka shigo, sai su maƙale a inda ba wurinsu ba, kamar ka karya makullin wani a cikin kwaɗonka. Ƙofa ba ta buɗuwa, kuma naka makullin ba ya shiga. Bakteriyar da ta tsira, ta tsira ne saboda tana da dabarar tunkuɗo gubar waje, amma wannan aikin yana cin ƙarfi. Masana sun auna sun ga halittun ƙasa mai guba suna ƙona abinci da yawa don kawai su rayu, kaɗan ne ke tafiya wajen girma. Kamar magidancin da rabin albashinsa ke ƙarewa a kemis. Yana raye, amma gini ya tsaya.

Akwai kuma wani ɓangare da ya kamata 'yan uwa masu karatun lafiya su saurara. Dabarun da bakteriya ke amfani da su wajen jure ƙarfe, sau da yawa suna tafiya tare da na jure magungunan kashe ƙwayoyin cuta, a ƙunshi ɗaya na gado da suke miƙa wa juna. Wato ƙasar da ta cika da ƙarfe tana iya zama makarantar horar da bakteriya masu taurin kai. Wannan zancen wata rana ne, na dai ajiye muku shi.

Mu dawo gida. Wani zai ce, malam, ina ruwanmu da Landan, mu da ba mu da bututun ƙazanta irin nasu? Gaskiya ne, in ka cire wurare kaɗan irin matatar Wupa a Abuja, yawancin garuruwanmu masai da sokawe ne, sai motar kwasa ko masu kwasa da hannu. Amma abin da ya lalata lakar Landan shi ne cakuɗa ƙazantar gida da ta masana'antu. Wannan cakuɗawar kuwa mu ma muna yin ta, a fili ma, a buɗaɗɗiyar kwata.

Ɗauki Kano. Unguwannin masana'antu uku ne manya: Bompai, Sharaɗa da Challawa. Jimar fata ta zamani da kuromiyom ake yin ta, ba da bagaruwa irin ta majemanmu na gargajiya ba. Rafin Getsi yana ɗauko ruwan Bompai ya haɗe da Jakara, wadda ita kuma ta riga ta kwaso ƙazantar cikin birni. Salanta tana ɗauko na Sharaɗa ta nufi kogin Challawa. A bakin waɗannan rafuka mutane ke noman rani, suna ban ruwa da abin da ya samu, kuma daga nan kayan miya da yawa ke shigowa kasuwa. Malaman jami'o'inmu sun daɗe suna auna ruwan nan da ƙasar bakinsa suna samun ƙarafa a ciki. Takardun suna nan a ɗakunan karatu suna shan ƙura.

Kuma ba manyan kamfanoni kaɗai ba ne, kada mu wanke kanmu. Bakanike ya juye baƙin mai a kwata. Mai gyaran batirin mota ya zubar da ruwan batir, wanda dalma ce a cikinsa. Mai fenti ya wanke bokitinsa. 'Yan jari bola sun ƙona waya don su ciro jan ƙarfe, toka ta bi ruwa. Ni da kai mun jefa mataccen batirin rediyo da fasasshiyar waya a bola. Duk wannan yana gangarawa ya kwanta a ƙasan kwata. Ran tsaftar muhalli matasan unguwa su fito da shebur, a yashe, a tara a bakin titi, a ɗauki hoto a sa a Facebook. Ni ma na sha yi, kuma zan sake yi. Amma ban taɓa tambayar ina tifar ke kai lakar ba sai ranar da na gan ta a gonar Kawu.

Ina so a fahimce ni da kyau a nan, don na san akwai masu jiran su ce 'yan boko sun zo hana talaka taki. Kai sharar gari gona ba baƙon abu ba ne a ƙasar Kano. Shekaru aru-aru jakuna na shigowa birni da itace su koma da mangalar taki, kuma da wannan ne ƙauyukan kewayen birni suka yi ta noma gona ɗaya duk shekara ba tare da ta gaji ba. Masana daga ƙasashen waje sun zo sun yi nazarin wannan tsarin suna mamaki. Dabara ce mai kyau. Abin da ya canza shi ne sharar. Bolar kakanninmu toka ce da kashin awaki da ɓawon gyaɗa da tsohuwar tabarma. Bolar yau akwai batir, akwai leda, akwai fenti, akwai guntayen kayan lantarki. Sunan bai canza ba, taki ake ce masa har yanzu, amma cikinsa ya canza.

Haka kuma abin da aka kwaso daga masan gida zalla, wanda bai haɗu da ruwan masana'anta ba, ƙarafan cikinsa ba su kai na lakar kwata ba. Matsalarsa daban ce: ƙwan tsutsar ciki da ƙwayoyin cuta. Wannan kuwa tana da magani. In aka tara shi aka bar shi ya ruɓe da kyau, ya ɗau zafi, ya daɗe, yawancin cututtukan suna mutuwa. Abu mai rai ana iya kashe shi. Ƙarfe kuwa ba rai gare shi ba balle a kashe shi. Ba ya ruɓewa. Ka ƙona shi, yana cikin tokar. Ka bar shi shekara hamsin, yana nan yana jiran jikanka.

Mu a Arewa ba ma buƙatar a ba mu labarin wannan. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Zamfara, sanadiyyar dakan duwatsun zinare a cikin gidaje. Ba dagwalo ba ne ya jawo ta, amma ku tuna yadda aka tsaftace garuruwan irin su Dareta da Bagega. Ba wani magani aka fesa ba. Kankare saman ƙasar aka yi, gida-gida, aka kwashe aka binne, aka kawo sabuwa aka shimfiɗa. Wannan a tsakar gida ke nan. Yanzu ka ɗauka gona ce mai kadada biyu. Wa zai kankare maka ita? Da kuɗin wa?

Sannan irin ƙasarmu ma ba ta taimaka mana. Ƙasa mai yumɓu da ruɓaɓɓen ganye da yawa tana ɗaure ƙarfe ta rage masa kaifi. Ƙasa mai yashi ba ta da wannan ƙarfin sosai, kuma yawancin gonakinmu na tudu jigawa ce. Gonar Woburn ɗin ma ƙasarta mai yashi-yashi ce. Haka nan idan ƙasa ta yi tsami, ƙarafa irin su tutiya da kadmiyom suna narkewa su fi shiga jikin halittu. Me ke sa ƙasa tsami? Ɗaya daga ciki shi ne yawan zuba takin naitirojin irin su yuriya shekara da shekaru ba tare da takin gargajiya ba.

Yanzu ku haɗa lissafin da kanku. Manomi ya gudu daga tsadar buhu ya koma lakar kwata. Shekarar farko da ta biyu gona ta yi kore shar, saboda lakar tana da naitirojin da fosfaras da gaske, ba ƙarya ba. Maƙwabta su gani su ce mu ma a kawo mana. Abincin da ke cikin lakar yana ƙarewa cikin 'yan damuna, ƙarfen kuwa yana taruwa, na bana a kan na bara. Sannu a hankali masu kamo naitirojin kyauta su ragu. Wake ya fara rawaya. Manomi ya ce ƙasa ta gaji, ya ci bashi ya sayo yuriya. Yuriya ta ƙara wa ƙasar tsami, tsami ya ƙara sakin gubar. Mutumin da ya gudu daga buhu ya dawo hannun buhu, kuma wannan karon ba shi da mafita. Abin da ke ba ni haushi shi ne babu ranar da zai ce yau ne abin ya faru. Ba kamar ambaliya ba ce ko fari. Shiru ake yin ta.

Wani abin sha'awa, Ken Giller ɗin nan na binciken Woburn shi ne daga baya ya jagoranci wani babban shiri mai suna N2Africa, wanda ya yi aiki a ƙasashen Afirka har da Arewacin Najeriya, kan yadda ƙananan manoma za su ci moriyar raizobiyom a wake da gyaɗa da waken suya. Cibiyar IITA ma tana yin wani garin raizobiyom mai suna Nodumax da ake cakuɗawa da irin waken suya kafin shuka. Wato a hannu ɗaya ana kashe kuɗi da ilimi ana ƙara wa ƙasarmu waɗannan halittu, a ɗaya hannun kuma muna tura musu tifar guba. Ana ɗinki ana farkewa.

To me za a yi? Ni ba na cikin masu cewa a kama manomi ko mai tifa. Kawu bai zuba kuromiyom a rafi ba. Inda ya kamata a tare abin shi ne tun daga tushe, kafin ya haɗu da ƙazantar gida, domin da zarar sun cakuɗe ba mai iya raba su da araha. Masana'anta ta tace ruwanta kafin ta sake shi. Wannan ba alfarma ba ce, doka ce, kuma tun 2007 aka kafa hukumar NESREA don tabbatar da irin waɗannan dokoki, ga kuma ma'aikatun muhalli na jihohi. Haƙƙinmu ne mu tambaye su: yaushe kuka auna ruwan da ke fita daga unguwannin masana'antu, kuma ina sakamakon? A manna shi inda kowa zai gani, da Hausa. Ɗan majalisar da zai zo neman ƙuri'a da buhun taki a bayan mota, a tambaye shi wannan ma.

Mu kuma matasa masu aikin gayya, akwai namu. In mun yashe kwatar da ta biyo ta garejin makanikai ko kasuwar 'yan batir ko bayan wata masana'anta, mu san inda lakar za ta, kada a sayar wa manomi ita da sunan taki. A unguwa a ware wani tsohon bokiti na matattun batira, kada su shiga bola. Ƙaramin abu ne, amma batir ɗaya da bai shiga bola ba, bai shiga gona ba. Ɗalibai masu neman abin da za su rubuta a aikin kammala digiri a sashen kimiyyar ƙasa ko na ƙananan halittu, ga aiki a ƙofar gida. Ku auna, sannan don Allah ku koma ku gaya wa mai gonar abin da kuka gani. Ya ishe mu haka, a zo a ɗebi ƙasar mutum a leda, a samu digiri da ita, shi kuma ko sannu.

Wanda gonarsa ta riga ta sha irin wannan laka, abu na farko ya daina ƙarawa. Takin dabbobi da ruɓaɓɓen kara suna taimakawa wajen ɗaure ƙarfen, farar ƙasa ta noma kuma tana rage tsami. Ba sa fitar da gubar, suna dai rage mata kaifi. Kuma a irin wannan wurin gara a kauce wa ganyayyaki irin su alayyahu da latas, don suna cikin masu saurin zuƙar kadmiyom.

Ga wani ɗan gwaji da kowa zai iya yi ba tare da ko sisi ba. Idan wake ko gyaɗa sun kai wajen sati biyar zuwa shida, dab da fure, ka sa fartanya ka tono guda ɗaya a hankali. Kada ka fizge, ƙullutun za su zube a ƙasa. Ka wanke saiwar, ka sa reza ko farce ka tsaga ƙullutu ɗaya. In ka ga cikinsa ja-ja kamar nama, ana aiki. Wannan jan wani sinadari ne ɗan uwan wanda ke sa jininmu ja, kuma alama ce ta cewa ana kamo naitirojin. In ka ga fari fat ko kore-kore, ko ƙullutun 'yan ƙanana ne ƙwarai, ko babu su sam, to ba a aiki. Wannan shi kaɗai ba ya nuna ƙarfe ne, domin fari da ƙarancin fosfaras da yawan yuriya duk suna iya jawo haka. Tabbacin ƙarfe sai an kai ƙasar ɗakin gwaji. Amma in ka gwada ɓangaren da ya sha laka da ɓangaren da bai sha ba a gona ɗaya, ka ga bambanci, to ka samu dalilin zuwa wajen malamin gona da hujja a hannu.

Haka muka yi da Kawu. Bai yarda ya mayar da lakar ba, ya ce shi ba zai yi asarar kuɗin mai ba. Amma da na matsa, ya yarda ya bar kunya goma ta gefen gabas ba a zuba mata ba. Ya ce, "In naka ya fi, ɗan nan, na ba ka zakara. In nawa ya fi, kai za ka sayo min buhu." Na ce, "Kawu, wannan ciniki ai da zalunci, bana naku ne zai fi kore, maganar shekaru nake yi." Ya ce shi dai ya faɗa.

Waken ya kusa fure yanzu. Ranar Asabar in Allah Ya kai mu zan koma da reza da bokitin ruwa, kuma na samu wata 'yar uwa da ke karatun digiri na biyu a fannin ƙasa ta ce in kawo mata samfur daga ɓangarorin biyu. Duk abin da muka gani, ja ko fari, zan kawo muku shi a shiri na gaba. Masu gonar wake ko gyaɗa a kusa, ku ma ku tono ɗaya ku tsaga ku turo mana hoton, ku faɗi garinku da irin takin da kuka zuba.